Zinariyar Samaru

Sunanta Zinaida, amma bakin Samaru
ya kasa juya shi,
sai muka ce Zinariya, ta kuwa amsa.
Dakta Tsoho ne ya zo da ita daga Rasha,
da takardar gama karatunsa,
da akwati biyu, ɗaya duk hotuna ne a cikinsa.

Ni ce Kuluwa, mai share mata tsakar gida,
shekarata sha uku a lokacin.
Takan ce mini "kai", ta ce wa Dakta "ke",
mun gyara har mun gaji, mun bar ta da abinta.

Ta ce a garinsu, inda kogi ke daskarewa
har mota ta bi ta kansa,
ta mutu sau ɗari huɗu a kan dandamali:
wani dare guba, wani dare harsashi,
sauran duka tarin fuka.
Kullum sai ta tashi, ta karkaɗe riga,
jama'a su miƙe suna tafi.
Na ce, "Inna, ai wannan ƙarya ce."
Ta ce, "Tawa ƙarya ce, Kuluwa,
amma hawayensu fa?"

A kasuwa, Sallau mai tumatir
bai taɓa sanin da wa yake ciniki ba.
Za ta dafe ƙirji, ta juya baya,
taku uku, ba huɗu ba,
sai ka ji, "Dawo, Baturiya, kawo kuɗin."
Ta ƙifta mini ido, mu wuce.

Ran Alhamis ɗaliban jami'a kan zo,
su zauna gindin mangwaro da takardunsu.
Wani ya ɓarke da kuka don ya burge ta,
ta ce, "Haɗiye shi, ɗana.
In ka zubar duka, me ka bar wa mai kallo?"

Shekarar da Dakta ya rasu
ƙanwarta ta aiko da gwangwani mai faɗin faifai.
Aka aro majigi, aka rataya zanen gado,
maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa.
Sai ga yarinya 'yar ashirin da biyu
tana gudu cikin ƙanƙara, tana bin jirgin ƙasa,
gashinta ya kwance, bakinta a buɗe,
ta ɗaga hannu za ta kira wani,
sai aka ɗauke wuta.

Shiru, sai kukan gyare.

Ta ce, "Kuluwa, kawo fitilar ƙwai."
Ta tsaya gaban zanen, tsohuwa mai ciwon gwiwa,
ta ɗaga hannun nan daidai inda ya tsaya,
ta kira sunan.
Ta ƙarasa sauran da harshenta,
ba wanda ya tsinci ko kalma guda,
amma Baba Jatau mai gadi
ya cire hula yana share fuska da ita.
Da ta zo wurin faɗuwa sai ta dubi ƙasa,
ta ce, "Yau ba zan mutu ba, jama'a,
in na kwanta wa zai ɗaga ni?"
Muka yi dariya da jiƙaƙƙun idanu.

A asibitin Shika ta cika, da asuba, cikin damina.
Ba guba, ba harsashi, ba mai kallo sai ni.
Na tsaya a gefen gado, Allah ya gani,
ina jira ta tashi ta karkaɗe riga.

Zafin Zariya ya narkar da fim ɗin tuni,
ya manne, yana warin tsami, na zubar.
Gwangwanin na nan a ɗakina,
zare da maɓallai nake ajiyewa ciki.
In jikata ta yi kukan ƙarya don alawa,
nakan ji bakina ya ce, "Haɗiye shi,"
da wata irin Hausa wadda ba tawa ba.